Lambar QR a Tallan Gidaje: Sharhi kan Hidimar Wani Ofishin Dillanci a Zariya

Wani ofishin dillancin gidaje a Sabon Gari ya fara manna lambar QR, wato alamar nan mai kusurwa huɗu da ake haskawa da kyamarar waya, wadda kamfanin Denso Wave na Japan ya ƙirƙiro a 1994, a kan allunan tallansa, kuma a ganina dabarar ta fi yin amfani a ƙofofin gidajen haya na Samaru da Palladan. Ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello da ke neman ɗaki yakan tsaya, ya haska lambar da wayarsa, nan take ya ga hotunan ɗakuna, da kuɗin hayar shekara, da bayanin ko akwai rijiya ko burtsatse, ba tare da ya biya kuɗin babur yana bin dillali unguwa-unguwa ba. Wannan sauƙi ne na gaske, kuma ofishin ya cancanci yabo saboda yana cire gidan da aka riga aka kama.

Amma lambar da suka sa a babban allo kusa da gadar Kwangila asara ce, domin direban da ke tafe a guje ba zai iya saita kyamara ba, alhali lambar waya da manyan alƙaluma za ta wadatar. Haka ma wadda suke turawa ta WhatsApp, tunda mai karatu yana riƙe da wayar da zai haska da ita.

Abin da ya fi damuna shi ne tallan filaye, inda wasu masu saye ke ɗaukar lambar tamkar shaidar inganci. Ba ta tabbatar da mallaka. Wajibi ne a binciki takardun fili a KADGIS, hukumar rajistar filaye ta Jihar Kaduna, kafin a biya ko sisi.