Sensar polianilin: ranar farko murna, sati na biyu ciwon kai

Wallahi ranar da na fara gwada sensar nan ta gano iskar amoniya sai da na kira abokin aikina ya zo ya gani da idonsa. Ƴan ƙananan faranti ne guda biyar an shafe su da polianilin, irin robar nan mai ɗaukar lantarki, kore shar da ita. Na jona multimita, na'urar auna lantarki, na buɗe kwalbar amoniya ɗan nesa da ita, ko minti ɗaya ba a yi ba lambar da ke nuna yadda take tare wuta ta fara hawa, koren nan ya fara rikiɗewa zuwa shuɗi a gabana. Na san bayanin tun a aji, amoniya tana zare proton, ƙwayar haidirojin mai caji, daga jikin polimar, wato robar, sai wuta ta daina wucewa da sauƙi, amma gani ya kori ji. Kuma ba ta buƙatar hita, a zafin ɗaki take aikinta, ba kamar sensa masu oksayid ɗin ƙarfe da sai an gasa su ba. A ranar na yarda Heeger da MacDiarmid da Shirakawa, masanan da suka gano robobi masu ɗaukar lantarki, sun cancanci Nobel ɗin da aka ba su a 2000.

To sati na biyu aka yi ruwa, ɗakin gwaji ya yi danshi, na shigo da safe na tarar lamba ta sauka da kanta alhali ba amoniya ko ɗigo a wajen, ashe tururin ruwa ma yana taɓa ta, aikin kwana uku da na tara haka na zubar don ban san wanne ne gas wanne ne laima ba. Abin da ya ƙona min rai shi ne ko layi ɗaya masu sayar da ita ba su rubuta kan danshi a takardar bayaninta ba, da na yi musu magana amsar kawai wai in ajiye a busasshen wuri. Yanzu ake faɗa min?

Ga jinkirin dawowa, guda ɗaya da ta sha amoniya da yawa ta maƙale a shuɗi, sai da na nuna mata tururin asid ɗin HCl ta koma kore, shi ma lambarta ba ta koma inda take da ba. Da tauraro biyar na yi niyya, uku zan bayar, faranti biyun da ban buɗe ba suna cikin kwalba da silika jel mai tsotse danshi, kuma na haɗa ma'aunin danshi a gefen wadda nake aiki da ita.