Hattara da masu "maganin inji": sau biyu suka ci kuɗina kan mashin mai fizga

Assalamu alaikum 'yan uwa masu mashin, musamman masu bin kasuwannin ƙauye tsakanin Zariya, Giwa da Funtuwa. Akwai wasu mutane da ke yawo da 'yar kwalba mai ruwa shuɗi-shuɗi, suna ce mata maganin inji. Wai daga Jamus aka kawo ta, wai murfi ɗaya a tanki zai hana mashin fizga, ya kuma raba shan mai gida biyu. Ni na saya. Ban tsaya nan ba, na sake tura musu kuɗi ta waya. Naira 22,500 suka tafi da ita gaba ɗaya, alhali ciwon mashin ɗina, da aka gano shi, gyaransa bai kai naira 3,000 ba.

Bari in fara da ciwon, don na san da yawanku na fama da irinsa. Mashin ɗina bugu ɗaya yake tashi. A silo lafiya lau. In na murɗa totur har ƙarshe, gudu yake kamar ba shi ba. Matsalar sai na hau kwalta na saka giyar ƙarshe, na riƙe totur wuri ɗaya ina gudun kilomita 50 zuwa 60 a awa, sai ya fara: ya ja, ya saki, ya ja, ya saki, kamar wani na riƙe da kariya ta baya yana wasa da ni. In na ƙara wuta kaɗan sai ya yi jim, kamar ya shaƙe, sannan ya zabura. Kullum sai na yi tafiyar kusan rabin awa zuwa makarantar da nake koyarwa, ka ga kuwa abin ya isa ya ɓata wa mutum rai tun da safe.

Ga kuma mai. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka ce tallafi ya tafi, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake 1,000 a gidajen mai da yawa. Duk wanda ya zo ya ce maka zai rage maka shan mai, ko ba ka yarda ba sai ka tsaya ka ji.

Ranar kasuwa ce. Mai maganin ya baje kwalabe a kan but ɗin mota, da lasifika a hannu, baki kamar an jiƙa. Ana cikin haka sai ga wani saurayi ya turo mashin yana ƙorafi, wai makanikai uku sun ci kuɗinsa a banza. Aka tada mashin, yana tari yana fitar da baƙin hayaƙi, in an ja totur sai ya nemi mutuwa. Mai magani ya zuba murfi ɗaya a tanki, ya jijjiga mashin, ya durƙusa ya kai kunne kusa da inji wai yana sauraro, hannunsa ɗaya a gefen kafireta. Ya ce a ba shi minti biyu. Aka sake ja, sai mashin ya ɗauka tas, hayaƙi ya ɗauke. Saurayin nan har da kabbara. Nan take ya sayi kwalba biyu, mu kuma muka bi layi, kowace kwalba 4,500.

Abin da ban lura da shi ba a lokacin: man da ke cikin kwanon kafireta ba ya ƙarewa nan da nan, balle a silo, don haka abin da aka zuba a tanki da wuya ya isa inji yadda zai canza komai a minti biyu. Hannun nan da ke gefen kafireta shi ne maganin. Cok, abin nan da ake ja don inji mai sanyi ya samu ƙarin mai, shi aka ja rabi tun kafin a turo mashin. Duk injin da ya yi zafi aka bar masa cok, dole ya shaƙe da mai ya yi baƙin hayaƙi. Da ya mayar da cok wurinsa sai komai ya daidaita. Bayan sati uku na ga saurayin nan a wata kasuwar daban, da mashin ɗin nan dai, mai yagaggen kujera, yana ba da labarin makanikai uku. Ɗan kore ne.

Nawa mashin ɗin ma ya taɓa shi, wai zai "saita" min kyauta. Ya ɗan murɗa sukurun silo, ƙarar inji ta ɗaga. Kwana biyu na farko na rantse akwai sauƙi, domin ina lallaɓa totur don in ga ragin man da aka yi min alkawari, kuma wanda ya kashe 4,500 ba ya son ya yarda an yi masa wayo. A kwana na huɗu fizgar ta dawo, ta ma ƙaru, har da wata ƙara ƙas-ƙas in ina hawan tudu.

A jikin kwalbar akwai lambar WhatsApp. Na yi magana, aka amsa da fara'a, ana ta "Malam, Malam". Aka ce ai maganin ne ya tono asalin ciwon, kafiretata ce ta mutu, kuma suna da sabuwa 'yar Japan, 18,000 har da kuɗin mota, a ba direba ya kawo min tasha. Aka turo hoto da bidiyon kwalaye jibge a wani shago. Sunan da ke kan asusun da aka ba ni daban yake da sunan da mutumin ya faɗa min, na tambaya, aka ce na ƙaninsa ne. Na tura. Washegari aka ce mota ta lalace a hanya. Rana ta uku aka ce in ƙara 3,000 na direba, a nan ne jikina ya yi sanyi na ƙi. Kafin la'asar hoton da ke kan lambar ya ɓace, saƙona ya daina shiga. Kafin su toshe ni ma sun yi min tayin zama wakilinsu a unguwarmu, in sayi katan ɗaya a farashin sari. Allah ya taimake ni albashi bai shigo ba.

Da kunya na tura mashin wurin wani dattijon makanike da na daɗe da guje wa saboda ba ya sauri. Na ba shi labari. Bai yi dariya ba, ya buɗe kwalbar ya shinshina, ya ɗiga a tafin hannu ya murza.

"Malam, wannan ai kananzir ne aka sa wa kala. Akwai ƙanshin kafur ma a ciki."

"Baba, to kafiretar fa? Sun ce ta mutu."

"Sun gan ta ne?"

Ya kwance fulogi tukuna. Bakinsa fari fat, kamar an shafa toka. Ya ce fulogi mai lafiya launin shayi da madara yake yi; in ya yi baƙi da kunkunniya mai ya yi yawa, in ya yi fari iska ta rinjayi mai. Sai ya tada mashin ya kama robar da ke haɗa kafireta da kan inji ya ɗan lanƙwasa ta, nan take ƙarar inji ta canza. Ta ƙasa, inda ido ba ya gani, robar ta tsage kusan tsawon farce. Rana da zafin inji ne suka busar da ita.

Bayanin da ya yi min shi ne ya sa nake wannan rubutu, don da na san shi da ko sisi ba su ci ba. Injin fetur yana son iska kusan kashi 15 a kan mai kashi 1, in an auna da nauyi. Kafireta kuma ba hanya ɗaya take ba da mai ba. A silo da ɗan buɗin totur, ƙaramin jet, wato 'yar ƙofar da mai ke bi, ne ke aiki. Daga kwatan totur zuwa kashi uku cikin huɗu, allurar da ke cikin kafireta ce ke iko. In an murɗa har ƙarshe, babban jet ne. Tafiyar da muke yi a kan kwalta, totur a riƙe wuri ɗaya, tana faɗawa daidai inda ƙaramin jet ke miƙa wa allura aiki, kuma a nan ne inji ke zuƙar iska da ƙarfi ta kowace ɓaraka ya samu. Shi ya sa mashin zai yi lafiya a guje, ya yi fizga a tafiyar hankali. Iskar sata tana shiga ta tsagar roba, mai ya yi kaɗan, wuta ta kama wani bugun ta ƙi kama wani. To ina ruwan abin da aka zuba a tanki da tsagaggiyar roba?

Ya kwance kwanon kafireta, ya juye a murfin gwangwani ya nuna min: ɗigon ruwa kwance a ƙasa kamar ƙwayar ido, da laka ja-ja. Ruwa ya fi fetur nauyi, ƙasa yake zama, kuma ƙaramin jet ramin cikinsa bai fi kaurin siririyar allura ba, ɗan datti kaɗan ya ishe shi. Na san inda na kwaso wannan, man kwalba ne na bakin hanya da nake saya in na makara. Ya wanke, ya hura, ya sa sabuwar roba, ya mayar da sukurun da mai magani ya murɗa, ya sa na juye man tanki gaba ɗaya. Ƙarar ƙas-ƙas ɗin nan kuwa, ya ce kananzir ne ya rage wa fetur ƙarfin jure matsi, ga inji dama yana zafi saboda ƙarancin mai. In aka daɗe a haka, bawul ko kan fistin ne ke biya.

Ba kowace fizga ce roba ba, kada wani ya je ya ce Malam ya ce. Akwai wanda murfin tankinsa ne ya toshe, iska ba ta shiga, mai ya daina sauka sosai bayan tafiyar 'yan mintuna. In ka tsaya ka buɗe murfin ka ji "fuu" sannan mashin ya warware, ka gano ɓarawonka. Akwai soson iska da ƙurar hunturu ta cika, wannan fulogi baƙi yake bayarwa. Hular fulogi mai lilo ko wayar kwayil da ta tsage kan yi irin wannan, musamman da damina. Tafet, wato 'yar ratar da ake bar wa bawul, in ya matse yakan nuna kansa in inji ya yi zafi. Wani lokacin ma ba inji ba ne sam, sarƙa ce ta saki ko haƙoranta suka cinye, sai ta riƙa ɗaukewa tana saki a tafiyar hankali har ka rantse mai ne. Mafi yawan mashinan da muke hawa, su Boxer da Jincheng da Haojue, masu kafireta ne, kuma duk abin da na lissafa ana duba shi da ido da hannu a ƙasa da awa ɗaya. Babu ɗaya a ciki da ake gane shi ta WhatsApp.

Don adalci, akwai ruwan wanke hanyar mai na gaskiya da kamfanonin man inji ke yi, mai suna da adireshi a jiki. Iyakarsa ya narkar da ɗan dattin da ya daskare. Ba ya ɗinke roba, kuma babu mai mutuncin da zai rubuta cewa yana raba shan mai biyu. Wannan ƙarya ma ba a nan aka fara ta ba. A Amurka, hukumar kare muhallinsu ta gwada sama da na'urori 100 da aka ce suna rage shan mai, ba ta samu wadda ta yi wani abin a zo a gani ba. A 2006 kuma gwamnatin jihar Texas ta maka wani kamfani a kotu kan ƙwayoyin da ake jefawa a tanki, gwaji ya nuna galibinsu sinadarin kafur ɗin nan ne da ake sa wa cikin akwatin tufafi. Su ma ta hanyar wakilai suke sayarwa, kowa ya jawo wani. Ka ji fa, har tayin wakilcin iri ɗaya.

Kwalbar da na saya ba ta da sunan kamfani, ba adireshi, ba wata shaidar hukumar kula da ingancin kaya ta SON, sai tutar Jamus da hoton fistin da lambar WhatsApp ɗin nan. Takardar ma a karkace aka liƙa ta. Duk wannan yana gabana tun ranar farko, ɗoki ne ya rufe min ido.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, kada ya yi irin nawa na jiran kwana uku. Ka je bankinka a ranar, da shaidar turawa da hotunan hirarku, ka shigar da ƙorafi a rubuce, ka kuma kai rahoto ofishin 'yan sanda. Ni na yi duka biyun a makare, har yau shiru. Wanda kuma ya zuba ruwan a tanki, ya juye man, ya sa a wanke masa kwanon kafireta, ya duba fulogi. In kun gan su a kasuwarku, ku nemi a gwada a kan mashin ɗin wani da kuka sani, kuma mai magani ya tsaya nesa, kada hannunsa ya taɓa inji. Ku kuma faɗa wa sarkin kasuwa da shugabannin 'yan acaɓa. Motar da na ga masu maganin da ita ƙarama ce mai ruwan toka, amma ance suna canzawa, har kalar ruwan ma wani abokina ya ce kore ya gani.

Mashin ɗina wata biyu ke nan bai fizga ba. Sauran rabin kwalbar na bar wa Baba, da ita yake wanke sifanu. Ya ce tana fitar da baƙin mai sosai, sai dai bai taɓa ganin kananzir mai tsadar wannan ba.