Takardar Asali ko Hotonta a Kwamfuta?

Hanya biyu ake bi wajen adana tsofaffin taswirorin layin dogo da zanen injin jirgin ƙasa.

Ajiye takardar asali akwai wahala. Shimfiɗe ta ake yi, ba naɗewa ba, nesa da laima. Kwafin zanen nan mai farin layi a kan shuɗiyar takarda, wanda ya samo asali daga fasahar masanin kimiyya ɗan Ingila John Herschel ta 1842 kuwa, haske koɗar da shi yake yi. Amma a jikin takardar asali ake gane wuraren da aka kankare da gyaran fensirin injiniya sosai.

Hoton kwamfuta fa? Kowa ya duba daga ko'ina, takarda ta huta da hannaye. Sai dai na'urar ajiya tana lalacewa, dole a riƙa kwafewa. In kuɗi ya gaza, ni takardar zan fara cetowa, tunda da ita ake sake ɗaukar hoto.