Masu sulhun da suka shiga tsakaninmu da mai gidan burodi

Duk wanda ke aiki a ƙarƙashin wani a Zariya, ko yake da ma'aikata a ƙarƙashinsa, in rigima ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, ina ba shi shawara ya fara gwada masu sulhun nan na wajen PZ kafin ya nufi caji ofis. Ɗan ƙaramin ofishi ne a saman bene, mutum biyu ke riƙe da shi: wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin jami'in ƙwadago, da wata barista da ta yi karatun shari'a a harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello. Na ɓoye sunan wurin saboda akwai inda zan kushe su.

Ni ke kula da tanda a wani gidan burodi a Tudun Wada, kuma ni ne babba a cikin masu aikin dare. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, fulawa da sukari da gas suka yi tashin gwauron zabi, sai Alhaji, mai gidan, ya fara cire kuɗin duk burodin da ya ƙone daga albashinmu. Ranar hutu ma ta ɓace. Da muka tura wakilai, cewa ya yi: "Ni ubanku ne, nan gida ɗaya ne, mai kawo ƙorafi shi ne mai raba kan 'ya'yana." Ya sallami wanda ya fara magana. Kuma wallahi Alhaji ba mugu ba ne. Shi ya saya mini ragon suna, shi ke biyan kuɗin asibiti in wani ya kwanta. Wannan ne ya sa maganar ta yi nauyi, don duk wanda ya buɗe baki sai a ce butulu ne. Da muka ƙi kunna tanda dare guda, ƙanin Alhaji ya kawo waɗannan mutane.

Abin da ya fara burge ni, ba su haɗa mu wuri ɗaya ba. Sun zauna da Alhaji shi kaɗai, sun zauna da mu, suka nemi littafin albashi da rasiɗan fulawa. Da izininsa suka nuna mana rasiɗan, muka ga ribar da muke zato ba ta kai haka ba. Shi kuma barista ta karanta masa Dokar Ƙwadago: mai gida ba shi da ikon cin ma'aikaci tara daga albashi, in kuma asara ce ta sakaci sai jami'in ƙwadago ya amince a rubuce, kuma duk abin da za a cire a wata kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku. Akwai hutun yini guda a mako, akwai takardar sharuɗɗan aiki da ya kamata a ba mutum cikin wata uku da fara aiki. Wanda aka sallama ya haura shekara biyar a gidan, don haka sanarwar wata guda ce haƙƙinsa. Mu ma ba ta raga mana ba. Mun ɗauka dokar mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 da aka sa wa hannu a 2024 ta hau kan kowa, ta ce dokar ta ware wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, da masu karɓar kuɗi gwargwadon aikin da suka yi, irin yaranmu da ake biya a kan buhu. Ta kuma ce kada mu ɓata kuɗin mota zuwa wurin alƙali ko majistare, don tun gyaran tsarin mulki na 2010 shari'ar ma'aikaci da mai gida ta Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce.

Ranar da aka haɗa mu, Alhaji ya sake maganar uba da 'ya'ya. Dattijon ya bar shi ya kai aya, sannan ya ce: "Alhaji, ranka ya daɗe, ɗa yana da gado. Waɗannan suna da gado a gidan burodin nan?" Alhaji ya yi shiru. "To in babu, abin da suka mallaka shi ne ladan guminsu. A rubuta shi, alherinka kuma ya zo a kai."

Wannan tambayar kaɗai ta biya kuɗin da aka ba su. Daga baya barista ta bayyana mini cewa wani masani ɗan Ingila, Alan Fox, ya raba tunanin masu gida kashi biyu tun 1966. Akwai mai ganin ma'aikata tsintsiya ce maɗaurinki ɗaya, shugaba ɗaya, buri ɗaya, saboda haka duk saɓani aikin 'yan zuga ne. Akwai kuma mai yarda cewa shi riba yake nema, ma'aikaci albashi da hutu, mai saye burodi mai araha, kowa da gaskiyarsa, sai a shimfiɗa hanyar da za a riƙa ja-in-ja ba tare da an rushe gidan ba. Dattijon ya ƙara da cewa a wannan shekarar ta 1966 ce Janar Ironsi ya kafa Doka ta 34 da ta soke tarayya don a dunƙule ƙasa, abin ya ƙare da asarar rayuka masu yawa, Gawon ya zo ya mai da tsarin tarayya cikin 'yan watanni. Ban yi karatu mai zurfi ba, amma na ga Alhajinmu a kashin farko na Fox sarai, na kuma gane me ya sa kyautarsa ba ta taɓa kashe ƙorafinmu ba.

An mai da abokinmu bakin aiki. An daina cire kuɗin ƙonanne sai in wakilin ma'aikata ya shaida sakaci ne kuma an bi ƙa'ida. An tsara hutu bi da bi. Muna da wakilai da mu muka zaɓa, suna zama da Alhaji farkon kowane wata, kuma an rubuta cewa ba za a kori mutum don ya yi magana a zaman ba. Ƙarin albashi bai samu ba, mun haƙura saboda rasiɗan da muka gani.

Inda suka gaza yana ci mini rai. Yarjejeniyar da Turanci aka buga ta, alhali yawancinmu da Hausa ko ajami muke karatu, sai da na matsa kafin a fassara, fassarar ma ta ɗau makonni. Kuɗin aikin Alhaji ne ya biya duka, wanda ya sa wasu yara suka ƙi sakin jiki har aka gama. Da an ce mu kawo ko kaɗan ne, da zargin bai taso ba. Mafi muni, matan da ke sa burodi a leda ba a kira su ba ko sau ɗaya. Su ne suka fi kowa ƙarancin kuɗi, a tsaye suke yini, kuma ofishin da ke da mace lauya ya wuce su kamar ba sa nan. Na faɗa wa barista ido da ido, ta ce za su dawo a kansu, har yau muna jira.

In za ka je, tafi da duk takardar da kake da ita, ko saƙon waya ne na shigar albashi, kuma ka nemi a raba kuɗin zama tun farko. Maganar matan leda ita ce ta farko a takardar da za mu kai wa Alhaji a zaman wata mai zuwa.