Camry Khaliji ko 'Yar Amurka: Amsa ga Ɗan'uwanmu na Jidda

Malam, ka ce ka ga motocin Camry biyu a Haraj, kasuwar saye da sayarwa ta Saudiyya, shekararsu ɗaya, ɗaya Khaliji ce, wato wadda aka ƙera don ƙasashen Larabawa na yankin Gulf, ɗaya kuma shigowar Amurka mai rangwamen kuɗi, kana tambayar wacce za ka ɗauka. Ni dai Khaliji zan ce maka, amma dalilina ya bambanta da wanda aka saba ji a majalisa.

Abin da aka saba ji shi ne motar Amurka ba ta jure zafinmu. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Motar da aka ƙera don ƙasashen Khalij ana ƙarfafa mata lagireto da na'urar sanyaya ciki, a yi mata matacin iska mai iya ƙura, saboda yanki ne da zafi ya kai digiri 51.8 a Makka lokacin aikin Hajjin 2024. Wanda ya taɓa hawa hanyar Hada zuwa Ɗa'if da rani, mota cike da iyali, ya san amfanin lagireto mai kyau. Sai dai Amurkan ma tana da Arizona da Texas, kuma Camry ɗin da ake haɗawa a Kentucky a can take yawo ba ta narke ba. Injinta ba ya ba ni tsoro.

Tarihinta ne ke ba ni tsoro. Ka tambayi kanka, me zai sa mota ta ƙetaro teku, a biya kuɗin jirgi, a biya kwastan kashi 5, a ɗora harajin kashi 15, sannan ta fi ta gida araha? Sau da yawa daga gwanjon kamfanonin inshora ta fito, bayan haɗari ko ambaliya. Guguwar Harvey ta 2017 kaɗai ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci a Texas. Dokar Saudiyya ta hana shigo da irin waɗannan, ta hana tsohuwar tasi da motar 'yan sanda, ta kuma hana wadda ta haura shekara 5. Doka ce mai kyau, ina goyon bayanta ƙwarai, amma akan gyara mota a wata ƙasa, a wanke mata takardu, ta iso tana ƙyalli. Fenti yana ɓoye karo. Ruwa kuwa ya fi muni, domin a wayoyi da kwamfutar mota yake kwanciya, sai bayan watanni fitilu su fara kamawa ɗaya bayan ɗaya. Na raka wani maƙwabcina sana'iyya, unguwar masu gyaran mota, sau huɗu kan wannan ciwon, sai da bakanike ya ɗaga kafet muka ga busasshen taɓo da tsatsa a ƙarƙashin kujera.

Khaliji kuwa a nan ta yi rayuwarta. Rahoton Mojaz, mai ba da tarihin mota a Saudiyya, zai nuna maka hannu nawa ta bi da haɗarin da aka rubuta mata, in kuma a wakala, wato wurin wakilin kamfanin motar, ake yi mata sabis, akwai rajista. Kayan gyaranta na nan birjik. Ranar da za ka sayar, ba za a karya maka farashi da kalmar "warid Amrika", wato shigowar Amurka, ba.

Ƙananan bambance-bambancen ba sa hana ciniki. Agogon gudun 'yar Amurka da mil yake ƙirge, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne, saboda haka 80 da kake gani ta kusa 129, kyamarar Saher mai kama masu gudun wuce ƙa'ida kuma ba ta karɓar uzuri. Rediyonta ma yakan tsallake wasu tashoshin. A ɗaya gefen, takan zo da kayan kariya da na jin daɗi waɗanda sai ka ƙara kuɗi kafin ka same su a Khaliji, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai iyali.

In ranka ya kwanta da ita, karɓi lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, ka duba ta a Carfax, shafin tarihin motocin Amurka, ka kuma nemi hotunan gwanjonta a intanet. Sannan ka kai ta wurin binciken da kai ka zaɓa, a ɗaga ta sama, a sa mata kwamfuta, domin wucewa fahas, wato binciken lafiyar mota na hukuma, ba ya nuna ko ta taɓa shan ruwa. In mai motar ya fara kame-kame kan lambar shasi, yi masa sallama ka koma wurin Khalijin.