Tampol ko rumfar kwano: wanne ya fi kare itacen girki a damina?

Hajiya, tsakanin tampol da rumfar kwano da kike tambayar wanda ya fi kare itace daga ruwan damina, rumfa zan ce ki kafa, domin duka biyun na yi amfani da su a gidana nan Zariya, kuma na san wanda ya sa ni nadama.

Ruwa iri biyu ne a jikin itace. Akwai wanda bishiya ta sha tun tana tsaye, wanda a ɗanyen itace yakan kai kusan rabin nauyinsa, kuma sai ya ragu zuwa ƙasa da kashi 20 cikin 100 kafin itacen ya ci wuta sosai ba tare da hayaƙi ya turnuƙe madafa ba. Wannan ruwan a hankali yake fita, ta bakin da aka sare da fuskar da aka faskara, kuma iska ce ke kwashe shi. Na biyu shi ne ruwan sama, wanda idan ya sami itacen da ya riga ya bushe, bayansa kawai yake jiƙawa, kwana ɗaya ko biyu na rana da iska sun isa su gyara shi. Ɓarnar ruwan sama tana zuwa ne idan ya kwanta a ƙarƙashin tarin, ko kuma ya riƙa sauka kullum babu sarari, kamar yadda yake yi mana a watan Agusta.

Rumfata ba wata tsada ta ci ba, da tsofaffin fallayen kwano huɗu aka yi ta, waɗanda muka cire lokacin da aka sake rufin ɗaki. An kafa dirkoki, an karkata kwanon yadda ruwa zai zube ta baya, aka jera bulo a ƙasa aka gindaya sanduna a kai domin kada itace ya taɓa ƙasa. Gefe uku a buɗe suke, ta gabas kaɗai na sa zana, tunda ta nan hadari ya fi taso mana da feshi. Ranar da na ƙara ƙaunar rumfar nan ita ce ranar sunan jikata, wanda ya faɗo a tsakiyar Agusta bayan an kwana uku ana ruwa. Matan da suka zo taya mu aiki sun shigo da fargabar hura wuta, sai muka jawo marken da aka faskara tun hunturu, muka sa masa 'yan ƙirare, nan take ya kama, aka ɗora manyan tukwane uku babu wadda ta yi hawayen hayaƙi. Har maƙwabta sai da suka aiko yara a sam musu.

Tampol kuwa, amfaninsa ɗaya na sani: a yafa shi a saman tari idan hadari ya taso babu shiri. Shekarar da na saye shi na lulluɓe itacen gaba ɗaya har ƙasa na danne da duwatsu, ina ganin na yi dabara, bayan mako uku da na ɗaga sai na tarar cikinsa yana ɗigar gumi, fumfuna ta yi fari a jikin itacen, gara kuma ta gina a layin ƙasa. Kafin wata damina rana ta riga ta kekketa shi.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da wasu masu sayarwa, musamman idan ruwa ya sauka kuɗin itace ya tashi. Sukan jera busasshe a bayan dami su cusa ɗanye a tsakiya, idan kin yi magana su ce ruwan jiya ne ya taɓa shi. Ki sa a kwance damin, ki zaɓi guda daga tsakiya a faskara a gabanki; wanda ruwan sama ya jiƙa cikinsa a bushe yake, ɗanye kuwa za ki ji sanyi da danshi har zuciyarsa. Ki duba bakinsa ko ya tsattsage, ki kuma gwara biyu ki ji ko za su yi ƙara mai kaifi, domin duka alamun busasshe ne. Kada nauyi kaɗai ya ruɗe ki, domin ƙirya da marke ko sun bushe suna da nauyi.

Saboda haka ki kira kafinta tun yanzu ya kafa miki rumfar, ki sa a faskara manyan gumagumai kafin a jera su, kuma ki bar tazarar kamar taƙi ɗaya tsakanin tarin da bango domin iska ta riƙa ratsawa.