Koyarwa a ƙetare: tsakanin shirin TAC na Najeriya da Fulbright na Amurka

Malam, na ga tambayarka, inda ka ce shekararka shida kana koyar da Turanci a makarantar sakandare ta gwamnatin jiha, kana da digiri na farko, kana da mata da 'ya'ya biyu, kuma kana sha'awar fita waje ka yi koyarwa ta sa-kai, sai dai ka rasa wanda za ka nema tsakanin shirin TAC (Technical Aid Corps) na gwamnatin tarayya, mai tura ƙwararrun Najeriya aiki a wasu ƙasashe, da shirin Fulbright na koyar da Hausa a jami'o'in Amurka. Ni na yi shekara biyu a Gambiya a ƙarƙashin na farkon, wani tsohon ɗalibina kuma ya yi na biyun, muna yawan magana ta waya har ya dawo, don haka zan jera maka su yadda na san su.

Abu na farko da ya kamata ka gane shi ne, ba don manufa ɗaya aka kafa su ba. An ƙirƙiro TAC a 1987, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, lokacin da Farfesa Bolaji Akinyemi yake ministan harkokin waje, aka kuma ba shi gindin zama da doka ta 27 ta 1993. Tunanin da ke bayansa shi ne, maimakon Najeriya ta riƙa ba ƙasashen Afirka da na Karibiyan da na yankin Fasifik tallafin tsabar kuɗi wanda ba a sanin inda ya shige, gara ta tura musu mutanenta masu ilimi, wato malamai da likitoci da ma'aikatan jinya da injiniyoyi, su yi aiki na shekara biyu su dawo. Ƙasar da ke da buƙata ita ce take rubutowa ta faɗi irin ƙwararrun da take so. Shi kuwa Fulbright, wanda ya samo sunansa daga Sanata William Fulbright na jihar Akansas, an kafa shi a 1946, reshensa na mataimakan malaman harsuna kuma ya fara a 1968, kuma abin da yake nema kashi biyu ne: ɗaliban Amurka su ji harshe daga bakin mai shi, shi kuma matashin malamin ya goge Turancinsa da dabarun koyarwarsa kafin ya koma gida. TAC yana ɗaukar wanda ya riga ya ƙware ya kai shi inda ake buƙatarsa, Fulbright kuwa yana ɗaukar wanda yake kan tasowa ya ƙara masa.

Daga nan ne bambancin mutumin da kowanne yake so ya fito, kuma a nan ne shekarunka shida suke da muhimmanci. A TAC da tsohuwar zuma ake magani. Ana son takardar kammala bautar ƙasa da shekarun gogewa bayan digiri, kuma da yake ƙasashe da dama yanzu malaman jami'a suka fi nema, kamar yadda Jami'ar Musulunci ta Uganda da ke Mbale ta daɗe tana karɓar malamai 'yan Najeriya ta wannan hanya, mai digiri na biyu ko na uku ya fi mai digiri na farko damar shiga. Malaman lissafi da kimiyya su ma sun fi samun kira. Fulbright kuwa malamin da bai yi nisa a aiki ba yake nema, musamman mai koyar da Turanci ko abin da ya danganci harshe, sai ya ci jarrabawar TOEFL ta auna iya Turanci, ya rubuta bayanin manufarsa, ya samo wasiƙun shaida daga malamansa, sannan ya zauna ganawa da jami'an ofishin jakadancin Amurka. Ƙofar ɗaya tana ƙara buɗewa yayin da kake daɗewa a aiki, ta ɗayan kuwa tana tsukewa.

Aikin cikin aji ma ba iri ɗaya ba ne, ko kusa. Gambiya tana cikin ƙasashe biyar da ke ƙarƙashin hukumar jarrabawa ta WAEC, tare da Najeriya da Gana da Saliyo da Laberiya, saboda haka ranar da na shiga aji na tarar da manhajar da na sani, da irin tambayoyin da na saba yi wa yara bita a gida. Abin da ya bambanta shi ne bakin yaran. A aji mai ɗalibai sama da hamsin, wannan Mandinka yake yi a gida, wancan Wolof, na bayansa Fulatanci, kuma idan bayani ya cije ba ni da Hausar da zan juya in warware musu, dole in nemo wata hanya da Turancin dai, ko in sa yaron da ya gane ya faɗa wa 'yan uwansa da yarensu ina tsaye ina kallon fuskokinsu. Wannan ya gyara mini koyarwa fiye da duk wata bita da na taɓa halarta, domin sai a lokacin na gane yawan yadda nake jingina da Hausa ba tare da na sani ba. Aiki ne cikakke, da jadawali mai nauyi, da makin takardu har dare. Rayuwar kuwa ba ta yi mini baƙunta sosai ba: akasarin mutanen Musulmi ne, kiran salla yana shigowa ta taga, domoda da suke ci da shinkafa miyar gyaɗa ce, da yamma kuma ana zaman shayin ataya a ƙofar gida. Amma kada ka ɗauka kowa Banjul ko Serekunda ake kai shi, domin ana iya tura ka can cikin ƙasa wajen Basse, inda zafi ba ya kasa na Sakkwato, kuma ba kai ke zaɓar ƙasar da za a kai ka ba tun farko.

Shi ɗalibin nawa aji mai mutum huɗu aka ba shi, wani zangon ma biyu. Ya tafi yana ganin ai Hausa ce, a nono ya sha ta, me za a tambaye shi? A makonnin farko wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce ya gaya mata dalilin da ya sa ake cewa "sun tafi" amma a ce "da suka tafi", alhali duka aikin ya riga ya wuce. Ya ce mini ya tsaya riƙe da alli, ya san daidai ne, amma ya kasa faɗin dalili, sai ya ce za su tattauna a darasi na gaba, ya kwana a ɗakin karatu yana buɗe littattafan nahawu. Haka ya sha fama wajen sa su furta ƙ da ɗ da ɓ, da kuma rarrabe musu kukan hawaye da kukar miya, waɗanda a rubuce kalma ɗaya ce sai karin sauti ya raba su. Idan Fulbright ka nufa, ka koma ka karanta nahawun Hausa kamar baƙon harshe, domin digirin Turanci ba zai amsa maka waɗannan tambayoyi ba. Aikin bai wuce awa ashirin a mako ba, amma ana haɗa maka da darussa biyu da za ka ɗauka a kowane zango a matsayin ɗalibi, kuma cikin darussan dole a sami wanda ya shafi nazarin Amurka. Tsawon zaman shekarar karatu ɗaya ce, daga wajen Agusta zuwa Mayu, da taron tsakiyar shekara a Washinton. Sanyin hunturu a jihohin arewacin ƙasar da kaɗaici su ne abin da ya fi kuka da su.

Batun kuɗi, a TAC Najeriya ce take biyan kuɗin jirgi da alawus, wani kaso da dala a can, wani kuma da naira a asusunka na gida, ita kuwa ƙasar da ta karɓe ka ita take ba ka masauki. Wanda ya iya tattali, kuma aka kai shi inda rayuwa take da sauƙi, yakan dawo da abin da zai rufa asiri, ko da ya kai ga fara aza tubalin gida. Alawus ɗin Fulbright an auna shi ne daidai ci da sha da haya a garin da kake, tare da kuɗin jirgi da tallafin kula da lafiya da kuɗin darussan da kake ɗauka, saboda haka kada ka yi lissafinsa da canjin kasuwar Wapa ka ɗauka arziki ne. Ribarsa tana wajen malaman da za su san ka, da wasiƙun shaida da za su rubuta maka, da sanin yadda ake neman gurbin digiri na biyu da tallafi. Amma shirin kansa ba ya ba da digiri, kuma bizar J-1 da ake shiga da ita tana ɗauke da sharaɗin komawa gida a zauna shekara biyu kafin a cancanci bizar aiki ko ta zama na dindindin. Wanda ya tafi da niyyar ɓacewa ya ɓata wa na bayansa hanya.

Iyali kuwa, a duka biyun kai kaɗai za ka tafi. Fulbright bai yarda mataimakin malamin harshe ya taho da iyali ba, TAC ma ba ya ɗaukar nauyinsu. To, sai ka auna wata tara ko goma a Amurka da wata ashirin da huɗu a wata ƙasa da ka iya zama Saliyo, ka iya zama Fiji ko Jamaika. Ni na bar ɗana yana rarrafe, na dawo yana ɓuya a bayan zanin mahaifiyarsa. Wannan magana ce da za ku zauna ku yi da maiɗakinka da iyayenka tun kafin ka cika takarda, har da wanda zai riƙa duba gida da yadda cefane zai riƙa isa.

A ganina, a halin da kake ciki, ka fara neman Fulbright. Dalilina shi ne fanninka ya dace da shi, shekarunka na aiki ba su yi yawa ba tukuna amma sun kusa, zaman gajere ne ga mai ƙananan yara, kuma idan ya buɗe maka hanyar digiri na biyu, wannan digirin ne zai ƙara maka nauyi ranar da ka nemi TAC. Akasin haka ba ya yiwuwa, domin in ka yi TAC ka dawo ka wuce matakin da Fulbright yake nema. Sai dai akwai cikas da ba za a ɓoye ba: tun daga watan Yulin 2025 Amurka ta tsaurara dokokin biza ga 'yan Najeriya, don haka ka fara duba sanarwar ofishin jakadancinta da ke Abuja ka tabbatar an buɗe shirin a bana kafin ka kashe kuɗin jarrabawa. In ba a buɗe ba, ka shiga digiri na biyu a nan gida, kana sauraron sanarwar TAC. Babu ɗayansu da ake nema ta hannun dillali, kuma duk wanda ya ce ka turo kuɗi ya saka sunanka, ɗan damfara ne. Haka ma ƙungiyoyin da ke tallata koyarwar sa-kai a intanet, waɗanda kai ne za ka biya jirgi da masauki da kuɗin rajista don ka koyar na mako uku, ba a yi su don mai albashin malamin jiha ba.

Sauran abu ɗaya, kuma shi ne inda ni na yi tuntuɓe. Na tafi da amincewar baki daga wani babba a ma'aikatarmu, na bar takardar neman izini tana yawo daga tebur zuwa tebur, kafin in cika wata huɗu a can aka canza babban, aka tsayar da albashina, sai da na yi kusan shekara bayan dawowata ina zirga-zirga kafin a gyara mini matakin aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka rubuta neman izini ta hannun shugaban makarantarku tun ranar da aka kira ka ganawa, ka tabbatar takardar sakin ta fito da sa hannu da hatimi, ta faɗi tsawon lokacin da matsayin albashinka da na ƙarin girma, ka ajiye kwafi a gida ka tafi da kwafi. Fasfo ɗinka ma ka duba shi yau, ka ga ko kwanakinsa za su kai ka har dawowa.